Harsashi a Aljihu: Yadda Ake Ɗura Bindiga da Abin da Doka Ta Tanada a Iyakar Bagudo

Tun da rashin tsaro ya matso yammacin Jihar Kebbi, zancen bindiga ya shigo hirar majalisa da ta kasuwa. A Bagudo da Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya, manomi da makiyayi da ɗan kasuwa duk suna tambayar abu guda: me mutum zai riƙe ya kare kansa da iyalinsa? Matasa kuma suna kallon bidiyoyin Amurkawa a waya, inda za ka ga mutum ya soke ƙaramar bindiga a ƙugu ƙarƙashin riga, ya zuba harsasai a aljihu, yana nuna yadda ake sake ɗura ta cikin ƙiftawar ido. Mai kallo sai ya ɗauka abin da ya rage masa kawai shi ne ya samu kuɗin saye.

Maganar ta fi haka tsawo, kuma gara a bi ta daki-daki: mene ne harsashi, yaya ake ɗura kowace irin bindiga, me ya sa masu libarba suke damuwa da guzurin harsashi, sannan me dokar Najeriya ta ce game da wanda aka samu da shi, musamman a bakin iyaka.

Mataki na farko: sanin harsashi

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso, wanda galibi na tagulla ne ko na ƙarfe, shi ne ke riƙe da sauran. A gindin kwanson akwai ɗan ƙaramin maɓalli mai ɗauke da sinadarin da ke kamawa da zarar an buge shi. A cikin kwanson akwai albarushi. A bakinsa kuma akwai ƙwayar dalma, wadda ita ce ke fita ta sami abin da aka auna. Idan aka ja kunama, wani ɗan tsinken ƙarfe ya bugi maɓallin, wuta ta kama albarushi, iskar da ta taso ta tunkuɗa ƙwayar ta bi ta cikin bututun bindiga. Kwanson kuwa yana nan a baya, fanko, kuma dole a fitar da shi kafin wani ya shiga gurbinsa.

Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne, kowace bindiga da nata harsashin. Ana auna shi da faɗin bututu. AK-47 tana cin mai milimita 7.62. Yawancin fistol ɗin jami'an tsaro suna cin mai milimita 9. Ƙananan libarba da yawa suna cin wanda ake kira .38 Special, wanda kamfanin Smith & Wesson ya fito da shi a 1898. Bindigar farauta kuwa harsashinta kwanson roba ne ko na takarda mai kauri, cike da ƙananan ƙwayoyin dalma. Saboda haka gwani yana ganin kwanso ɗaya a ƙasa zai faɗa maka irin bindigar da ta harba shi. Wannan ne ya sa jami'an tsaro ke tsince kwansuna bayan hari, kuma shi ya sa harsashi guda a aljihun mutum yake zama shaida a kansa.

Mataki na biyu: bindigar toka

Bindigar da aka fi sani a ƙauyukanmu ita ce ta toka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga. Ba ta cin harsashi haɗaɗɗe. Maharbi ne ke haɗa komai da hannunsa, ta baki. Yakan tsayar da ita gindi a ƙasa, ya auna albarushi ya zuba, ya bi da ɗan tsumma ko ƙaiƙayi ya danna da sandar ƙarfe, ya zuba ƙwayoyin dalma, ya sake toshewa, sannan ya ɗora abin kunna wuta a gefen gindin bututu. Harbi ɗaya take yi. Kafin a yi na biyu sai an maimaita duk wannan hidima daga farko.

Asalin irin wannan bindiga daga bakin teku ne, inda fataken Turai suka riƙa kawo ta suna musaya da bayi da zinariya da sauran haja. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burusal wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, amma ta bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin bindigogin ɗuri da albarushinsu. Sakamakon wannan bambanci ya bayyana a filin daga: a ranar 15 ga Maris 1903, mayaƙan Sakkwato da dawakai da masu da kibau da 'yan bindigogin ɗuri suka fuskanci rundunar Ingila mai bindiga mai jigida, kuma ba a daɗe ba aka tashi. Ba jarunta ce ta yi ƙaranci ba. Wanda ke ɗura harbi ɗaya da hannu ba zai yi kafaɗa da wanda bindigarsa ke ɗura kanta ba.

Maƙeran gida sun koyi ƙera ta, har yau kuma ita ce a hannun mafarauta da yawancin 'yan banga. Guzurin mai ita shi ne ɗan goran albarushi da jakar dalma da ya rataya. Haɗarinta uku ne, kuma tsofaffin maharba sun san su. Na ɗaya, idan aka cika albarushi fiye da ƙima, ko aka manta aka ɗura sau biyu, bututu na iya tarwatsewa a hannun mai harbi. Na biyu, idan ɗan garwashi ya saura a ciki bayan harbi aka zuba sabon albarushi, wuta na iya tashi a fuskar mai ɗuri, shi ya sa ba a leƙa bakinta, ba a kuma zuba albarushi kai tsaye daga gora. Na uku, da damina albarushi kan sha danshi, a ja kunama ta yi shiru, sai an sauke ta sannan ta tashi.

Mataki na uku: bindigar farauta mai karyewa

Ta biyu ita ce mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda ake karya ta a tsakiya. Ana tura wani ɗan maƙulli, bututu ya sunkuya, kwanson da aka harba ya leƙo, a zare shi, a sa sabo, a rufe. Ta fi ta toka sauri nesa ba kusa ba, kuma ta fi ta aminci, domin da zarar an karya ta kowa yana ganin ko akwai harsashi a ciki ko babu. Wannan ne ya sa mafarauci mai hankali ke shigowa gari da ita a karye, bututu fanko. Harbi ɗaya ko biyu take yi kafin a sake ɗuri, don haka mai ita kan ɗaura ɗamara mai gurabun harsashi a ƙugu.

Mataki na huɗu: libarba

Yanzu mu zo kan wadda ake gani a bidiyo. Libarba ƙaramar bindiga ce ta hannu ɗaya. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne wani dunƙulen ƙarfe mai juyawa da ke tsakiyarta, mai ramuka biyar ko shida, kowane rami da harsashi guda. Duk lokacin da aka ja kunama, dunƙulen ya juya, sabon rami ya daidaita da bututu. Wani Ba'amurke mai suna Samuel Colt ne ya yi mata rajistar ƙira a 1836, kuma zuwa ƙarshen ƙarni na 19 aka fito da samfurin da dunƙulen ke buɗewa ya faɗo gefe, wanda shi ne aka fi amfani da shi har yau. A 1950 Smith & Wesson suka fitar da wata 'yar ƙarama mai cin harsashi biyar, ita ce ta zama abin koyi ga bindigogin da ake ɓoyewa a jiki.

Masu son ta suna yabon sauƙinta. Ba ta da tarkace da yawa, kuma idan harsashi ɗaya ya ƙi tashi, jan kunama na gaba zai kawo wani. Aibinta kuwa a fili yake: harbi biyar ko shida ta ƙare. Kuma ba ta zubar da kwanso da kanta kamar fistol mai gidan harsashi a mariƙi. Kwansunan suna nan a ramukansu. Kafin ta sake aiki sai an buɗe dunƙulen, an danna sandar da ke tunkuɗo kwansuna waje, an cika ramukan, an rufe. A cikin natsuwa wannan ba wani aiki ba ne. A cikin firgici, hannu na rawa, ga duhu, cusa harsasai shida ɗaya bayan ɗaya cikin ƙananan ramuka abu ne da ke gagarar har waɗanda suka daɗe suna atisaye.

Daga nan ne zancen guzuri ya taso. An ƙirƙiro wani ɗan zagayayyen mariƙi da ke kama harsasai shida a jere daidai da ramukan, a saka su gaba ɗaya. Yana da sauri, amma yana da kauri, yana tasowa a aljihu. An kuma yi wani siririn zirin roba da ake jera harsasai a kai, wanda ke kwanciya lafiya a aljihu amma ya fi jinkiri. 'Yan sandan Amurka sun yi amfani da irin waɗannan sosai a shekarun 1970, amma daga shekarun 1980 zuwa na 1990 yawancin rundunoninsu suka ajiye libarba suka koma fistol mai cin harsashi goma sha wani abu, kuma jinkirin ɗuri na cikin manyan dalilan. Wannan darasi ɗaya ne da na bindigar toka: ƙarfin bindiga yana tsayawa ne inda harsashin cikinta ya ƙare.

Abin da mai kallon bidiyo ba ya gani shi ne dokar da ke bayan mai maganar. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami, kuma a watan Yuni na 2022 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa haƙƙin ya haɗa da ɗaukar ƙaramar bindiga a wajen gida. Fiye da rabin jihohin ƙasar 50 ba sa ma buƙatar takardar izini kafin mutum ya ɓoye bindiga a jikinsa. Wanda ke koyar da ɗuri a can yana magana ne a kan abin da dokarsu ta halatta. A nan lamarin ya sha bamban.

Mataki na biyar: rukunai uku na dokar Najeriya

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi, ta kasa bindigogi gida uku.

Rukuni na farko shi ne na haramtattun makamai. A ciki akwai igwa da bama-bamai da gurneti da bindiga mai jigida da bindigogin yaƙi irin na soja. A cikin wannan jeri ne kuma aka sa libarba da fistol kowace iri, ko da ƙirar maƙerin gida ce. Shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisin mallakar abin da ke wannan rukuni. Ma'ana, a idon doka, 'yar ƙaramar libarbar da ke shiga aljihu tana ɗaki ɗaya da AK-47. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: bindigar da ke ɓuya ƙarƙashin riga ba ta farauta ba ce, ba ta tsaron gona ba ce, ita ce ke shiga kasuwa da tasha da taron biki ba wanda ya sani. Hukuncin wanda aka kama da makamin wannan rukuni ba tare da lasisi ba shi ne ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Rukuni na biyu shi ne bindigogin amfanin kai: bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da bindigar wasanni, da ta iska. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar farautar da ke ɗura kanta, ko mai wata na'urar sake ɗuri, ba ta cikin wannan rukuni. Mallakar ta rukuni na biyu ba lasisi na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 5.

Rukuni na uku shi ne bindigogin ɗuri ta baki, wato ta toka da danginta. Doka ta bar sha'aninsu a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha tare da amincewar gwamna.

Lasisi ba haƙƙi ba ne da mutum zai ce dole a ba shi. Hukuma na iya hanawa. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Ban da wannan doka, akwai ta fashi da makami ta 1984, wadda ita ma ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tara, ko duka biyu, ga mai riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba. A 2023 kuma rundunar 'yan sanda, ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun, ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Don haka duk wanda wani ya ce zai samo masa takarda ta bayan fage, ya tabbata ana shirin cinye masa kuɗi ne a kuma jefa shi cikin rigima.

Mataki na shida: harsashi shi ma laifi ne mai zaman kansa

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Suna zaton laifin yana kan bindiga ne kawai. Doka ta hana mutum riƙe harsashin kowace bindiga sai bisa sharaɗin lasisin da aka ba shi na wannan bindigar. Abu uku ke fitowa daga wannan. Na farko, wanda aka samu da harsashi ba bindiga, an same shi da laifi, kuma hukuncin na iya kaiwa shekara 5. Na biyu, mai lasisin bindigar farauta da aka samu da harsashin AK-47 ko na libarba, lasisinsa ba zai cece shi ba, domin ba na wannan ba ne. Na uku, sayar da harsashi sana'a ce ta dillalin da aka yi wa rajista, ba ta mai shago ko mai tebur a kasuwa ba.

A nan ya kamata direbobi da 'yan acaɓa da masu kwale-kwale su buɗe kunne. Sau da yawa ba a hannun ɗan bindiga ake kama harsashi ba. Ana kama shi ne cikin buhun hatsi, ko jarkar manja, ko ƙarƙashin kujerar mota, a hannun wanda aka ba saƙo aka biya shi kuɗin da ya fi na kullum. Ranar da aka kama shi, wanda ya ba da saƙon ya kashe waya. Idan ladan kai ƙunshi ya ninka abin da aka saba, kuma aka ce kada ka buɗe, to ka san biri ya yi kama da mutum.

Mataki na bakwai: abin da iyaka ke ƙarawa

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana jingine da Jamhuriyar Benin. Daga Tsamiya hanya ta miƙe zuwa Segbana a lardin Alibori, daga can kuma zuwa Kandi. Kogin Kwara ya shigo Najeriya ta wannan kusurwa, ya ratsa ƙasar Illo, kuma kwale-kwale na zirga-zirga tsakanin Lolo da garuruwan da ke sama har Malanbil. Dandawa da Kengawa da Busawa da Fulani da Hausawa suna zaune a ɓangarorin biyu, da auratayya da kasuwanni na tarayya tun kafin Ingila da Faransa su ja layi tsakaninsu a yarjejeniyar 1898. Ga mutumin wannan yanki, tsallaka iyaka kamar zuwa unguwar maƙwabta ne.

Amma doka ba haka take gani ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mutum damar shiga ƙasar maƙwabta ba biza, ba ta ba makaminsa wannan dama ba. Lasisin Najeriya ba ya aiki a Segbana, na Benin kuma ba ya aiki a Tsamiya. Dokar 1959 ta ce ba a shigo da bindiga ko harsashi, ba a kuma fita da su, sai ta mashigar da aka ayyana kuma da takardar izini. Don haka mafaraucin da ya bi sawun dabba ya tsallaka da bindigarsa, ko wanda ya sayo harsashi a wata kasuwar ƙetare saboda ya fi araha, laifinsa ya tashi daga riƙe makami ya koma fasa-ƙwaurin makami.

Yanayin tsaro ya ƙara tsananta lamarin. A watan Nuwamba na 2024 rundunar sojan Najeriya ta bayyana ɓullar ƙungiyar 'yan bindiga ta Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, a watan ne kuma suka kashe mutane a Mera ta Ƙaramar Hukumar Augie. A watan Janairu na 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su ƙungiyar ta'addanci. A cikin shekarar an kai wa jami'an kwastam da na shige da fice hare-hare a yankin Bagudo. A can ƙetare kuma, sojojin Benin suna fama da masu iƙirarin jihadi a dajin W da ke Alibori, inda aka kashe musu sojoji 54 a watan Afrilu na 2025. Jami'in da ke tsaye a shinge cikin irin wannan hali ba zai ɗauki harsashi biyar a aljihun matafiyi a matsayin abin wasa ba. Tuhumar na iya wuce dokar makamai ta kai ga taimaka wa 'yan ta'adda.

Mataki na takwas: dalilin da ya sa aka fi sa ido kan harsashi

Bindiga tana daɗewa. AK-47 da aka ƙera shekara 40 da suka wuce tana iya aiki yau idan ana shafa mata mai. Harsashi kuwa sau ɗaya ake harba shi. Ɗan bindigar daji na iya sayen bindiga sau ɗaya a rayuwarsa, amma harsashi sai ya yi ta nema kullum. Bindiga ba harsashi fitila ce ba mai. Saboda haka hanyar da harsashi ke bi ita ce jijiyar da idan aka datse ta, bindigogin da ke daji za su yi shiru ko da ba a ƙwace su ba.

Wannan fahimta ce ta sa yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yuni 2006 ta kuma fara aiki a 2009, ta ambaci harsashi a sunanta, ta hana safarar makamai tsakanin ƙasashe sai da izini na musamman, ta kuma buƙaci a riƙa yi musu alama don a iya bin sawunsu. A 2021 Najeriya ta kafa Cibiyar Kula da Ƙananan Makamai ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, a 2024 kuma aka sa hannu kan dokar da ta ƙarfafa ta. Girman matsalar ya fito fili a watan Yuli na 2024, lokacin da kwastam suka nuna kwantena guda da suka kama a tashar jiragen ruwa ta Onne, ɗauke da bindigogi 844 da harsasai 112,500. Rufe iyakokin tudu da aka yi a watan Agusta na 2019, wanda ya sa mashigar Kamba ba ta sake buɗewa ba sai Afrilu 2022, ya nuna cewa kulle ƙofa kaɗai ba ya tsayar da safara matuƙar hanyoyin daji da na ruwa suna nan. Abin da ke tsayar da ita shi ne mutanen gari su ƙi ɗauka, su ƙi ɓoyewa, su ƙi saye.

Mataki na tara: to, me ya rage wa mai son kare kansa?

Ba adalci ba ne a gaya wa mutumin da aka kore masa shanu cewa ya yi haƙuri kawai. Kundin tsarin mulki ya amince da kare kai, dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta yi bayaninsa, shari'ar Musulunci ma ta ba mutum damar kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa. Har gwamnoni sun taɓa fusata: Aminu Bello Masari na Katsina ya yi kira ga jama'a su kare kansu a 2021, Bello Matawalle na Zamfara kuma a watan Yuni na 2022 ya ce mutane su nemi lasisin bindiga, amma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Abin lura shi ne, haƙƙin kare kai daban, izinin mallakar makami daban. Kotu na iya wanke mutum daga laifin kisa saboda kare kai ya yi, ta kuma ɗaure shi saboda bindigar da ya yi amfani da ita haramtacciya ce.

Ko ta fuskar amfani ma, libarba mai harbi biyar ba ta da abin da za ta yi da mutum ashirin a kan babura, kowanne da bindigar da gidanta ke cin harsashi 30. Abin da ke ceton ƙauye shi ne labari ya iso da wuri, jama'a su kasance a haɗe, jami'an tsaro su zo a kan lokaci.

Ga wanda yake da bindigar farauta ko ta toka, hanyar da ta dace ita ce wannan. Ya fara zuwa ofishin 'yan sanda na yankinsa, ko hedikwatar rundunar a Birnin Kebbi, ya tambayi matsayin bindigarsa da na takardarsa. Idan mafarauci ne ko ɗan banga, sunansa ya kasance a rajistar ƙungiyarsu, da sanin hakimi da mai gari da baturen 'yan sanda. Kada ya riƙe harsashin da ba na bindigarsa ba. A gida ya ajiye bindiga fanko a wuri mai makulli, harsashi ko albarushi a wani wurin daban, busasshe, nesa da murhu da hannun yara. Kada ya ba da aro, ko ga ɗan'uwansa na jini. Idan ta ɓata ko aka sace, ya kai rahoto nan take, domin doka ta ɗora masa alhakin tsaronta. Idan mai bindiga ya rasu, magada su sanar da hukuma, domin lasisi ba ya cikin abin da ake gado. Wanda kuma ya tsinci harsashi ko bindiga a gona ko a bakin kogi, kada ya kai gida, ya sanar da mai gari a kira jami'ai.

Ga wanda yake da libarba ko fistol a ɓoye kuwa, shawara ɗaya ce: ya nemi lauya ko wani dattijo mai mutunci ya shige masa gaba, a miƙa ta ga hukuma tun kafin a same ta a jikinsa. Jama'ar Bagudo da kewaye, ku matsa wa shugabanninku da wakilanku lamba a ƙaro jami'ai da kayan aiki a bakin iyaka, ku ba da labarin duk baƙon motsi da wuri, kuma kada ɗayanku ya karɓi ƙunshin da bai san abin da ke cikinsa ba.